Yadda Ake Sa Ƙaramin Yaro a Makarantar Tahfiz Mai Haɗe da Boko

Da an shiga watan Agusta za ka ga iyaye sun fara cigiyar makaranta, wannan ya ce wace tahfiz ce mai kyau a wajen unguwa kaza, waccan ta ce ita dai inda yaro zai haddace a shekara biyu take nema, kuma yawanci sai ana saura kwanaki kaɗan a koma makaranta a Satumba ake tashi a guje, a sayi fom Litinin, a ɗinko yunifom Talata, Laraba a tura yaro. To wannan bayanin na masu niyyar sa ɗansu ko 'yarsu ne a irin makarantun nan da suka haɗa haddar Alƙur'ani da karatun firamare a waje ɗaya, masu tsari mai tsauri, akwai lokacin ƙari wato sabuwar hadda, akwai lokacin muraja'a wato bitar abin da aka haddace, akwai lokacin lissafi da Turanci, komai da ƙa'idarsa. Da Kano zan fi buga misali amma abin kusan ɗaya ne a Kaduna, Katsina, Sakkwato, Bauchi da sauransu.

Kafin komai ka san wace iri kake nema, don makarantun Alƙur'ani ba ɗaya suke ba. Akwai makarantar allo ko tsangaya wadda iyaye da kakanni suka sani, yaro ya fara da babbaƙu ya wuce farfaru, a rubuta masa a allo da tawada ya biya ya wanke, kuma yawanci da ruwayar Warshu ake karatu, hutunsu Alhamis da Juma'a. Akwai Islamiyyar yamma ko ta Asabar da Lahadi wadda yaro ke zuwa bayan ya taso daga boko. Sai ta ukun wadda muke magana a kai, yaro ya shiga da safe ya wuni, a yi masa duka biyun a ƙarƙashin shugabanci ɗaya, kuma mafi yawansu da ruwayar Hafsu suke karantarwa da mus'hafi bugun Madina. Wannan maganar Warshu da Hafsu ba ƙaramar magana ba ce ga ƙaramin yaro, in ya riga ya fara allo wajen malamin unguwa ko wajen kakansa to ka faɗa wa makarantar tun farko, saboda ɗigon wasu haruffa ma ya bambanta a rubutun allo, fa'un ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, yaro zai iya rikicewa a makonnin farko a zaci ko bai da ƙoƙari alhali sabo ne kawai. Ita ma gwamnati ta shiga harkar haɗa tsangaya da boko, a 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma mafi yawan waɗanda iyaye ke nema a cikin gari masu zaman kansu ne ko na al'umma, na kuɗi.

Abu na biyu shekarun yaro. A tsarin ilimin Najeriya shekara shida ake shiga aji ɗaya na firamare, kuma dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa yaro ya yi shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Ƙasa da shekara shida ajin share fage ne, wasu makarantun su ce nazare wasu su ce rauda ko tamhidi. Dan Allah kar a ƙara wa yaro shekara don a tsallakar da shi aji, ana yi sosai, uwa ta ce ai yaron nan akwai baki, ya iya Fatiha har zuwa Alam tara, a kai shi aji ɗaya yana ɗan shekara huɗu da rabi. Baki daban, iya zama daban. Abin da za ki duba shi ne zai iya zama waje ɗaya na ɗan lokaci yana sauraro, zai iya faɗa in yana jin fitsari kuma ya je bayi ya yi tsarki da kansa ko da ɗan taimako, zai iya buɗe kwanon abincinsa ya ci, ya san sunansa da sunan babansa. In waɗannan ba su samu ba a bar shi a rauda ya ƙara shekara, ba abin da ya rasa.

Sai ku zauna ku biyu, uba da uwa, ku yanke abin da kuke so, domin nan ne ake samun matsala daga baya. Haddar izu sittin kuke so kafin ya gama firamare, ko kuna so ya iya karatu da tajwidi mai kyau ya riƙe izu goma ko ashirin da ƙarfi, boko kuma ya tsaya da ƙafarsa? Duka biyun niyya ce mai kyau, amma kowacce da irin makarantarta da irin wahalar da za ku sha a gida. Bari in yi muku lissafi don ku rinƙa auna alƙawarin da za a yi muku. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15, izu ɗaya kusan shafi goma. A ce yaro na zuwa makaranta kwana biyar a mako, mako 36 a shekara bayan an cire hutu, kwana 180 ke nan. In yana haddace layi biyar kullum, a shekara ya samu shafi 60, wato izu shida. In rabin shafi ne, izu tara a shekara, zai kai shekara shida da wani abu kafin ya gama. In shafi guda ne cur kullum ba fashi ba ciwo, shekara uku da 'yan watanni. To wanda ya ce maka zai haddatar da ɗan shekara shida a shekara biyu yana nufin sama da shafi ɗaya da rabi kullum, ga muraja'a, ga boko a kai. Akwai yaran da Allah ya ba wannan baiwar, muna ganinsu a musabaƙa, amma ba za a gina tsarin aji guda a kansu ba, in an yi haka to ko dai a danne boko ya zama suna kawai, ko a yi ta gudu ana ƙari ba a waiwayar baya, yaro ya kai Baƙara alhali Tabaraka ta zube. Kuma in makaranta ta ce maka ɗalibanta suna sauka a aji kaza, ka tambaya saukar hadda ce ko ta duba, a ba ka amsa ƙarara.

Daga nan sai neman makaranta, kuma ni a ganina a fara tun zango na uku, wajen Mayu ko Yuni, lokacin da ake cikin karatu, saboda in ka bari sai an yi dogon hutu gini kawai za ka gani da sabon fenti. Ka tambayi iyayen da 'ya'yansu suka yi shekara biyu uku a ciki, ba wanda ya sa nasa jiya ba. Ka ware biyu ko uku waɗanda ba su yi nisa da gida ba. Nisa yana cin yaro fiye da yadda ake zato, yaron da za a tasa tun duhun asuba a cusa a adaidaita sahu da yara tara, ya sha cunkoso zuwa da dawowa, ya iso gida bayan la'asar a galabaice, wannan ba muraja'ar da zai yi da dare sai gyangyaɗi.

Ziyarar makaranta ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, a nan nake so a daɗe. Ka je da safe ba tare da dogon shiri ba, ka yi sallama ofishin shugaban makaranta, ka ce Malam ina so in kawo yarona ne amma da izininka ina so in ɗan zauna a halƙar ƙananan yara, wato zaman haddarsu, in ga yadda ake yi. Makarantar da ta yarda da aikinta ba za ta hana ka ba, iyaka a ce ka zauna daga baya kar ka ɗauke hankalin yara. In ka zauna, fara ƙirga kawuna. Yara nawa ne a gaban malami ɗaya lokacin hadda? Hadda ba kamar darasin allo ba ce da za a yi wa mutum hamsin lokaci guda, dole kowane yaro ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai a saurare shi a gyara masa, to in yara arba'in ne kuma lokacin awa biyu ne, raba ka gani, minti uku kowa zai samu, a ciki za a ji ƙarin jiya a ba da na yau. Ka lura da bakin malamin, yana tsayawa ya gyara harafi ko wucewa yake? Malamin kirki za ka ga ya tsayar da yarinya a kan kalma ɗaya, ya ce sake, ta sake, ya nuna mata da yatsa inda harshe zai taɓa, ya ce kalli bakina, har sai sadun ta rabu da sinun, sannan ya yi alama da fensir a gefen mus'hafinta ya rubuta a ɗan littafin bibiya. Wannan littafin ka nemi a nuna maka shi, a ciki ake rubuta ƙarin yau, muraja'ar kusa wato abin da aka haddace cikin kwanakin nan, da muraja'ar nesa wato tsofaffin izu, kuma akwai wajen da uwa ko uba za su sa hannu. In makaranta ba ta da irin wannan rubutun to ba wanda ya san inda kowane yaro yake sai a ka.

Ga wani ɗan gwaji mai sauƙi in an ba ka dama. Ka roƙi malam ya kira yaro ɗaya daga aji biyu ko uku, ba lallai gwanin ajin ba, a buɗe masa shafin da bai haddace ba a ce ya karanta layi biyu. Da yawa za ka ji yaro yana zuba Amma kamar ruwa, amma ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ya tsaya yana kallonka, da kunne ya haddace bai san haruffa ba. Ga 'yan rauda wannan ba laifi ba ne, da talƙini ake farawa dama, malam ya faɗa su maimaita, amma yaron da ya yi shekara biyu a firamare ya kamata a ce yana haɗa baƙi da wasali da kansa. Haka za ka yi a ɓangaren boko, ka karɓi littafin lissafin wani yaro ka duba, ana yin makin kuwa, yaushe rabon malami da sa jan biro a ciki, yaron aji uku zai iya karanta gajeriyar jimla da Hausa ko da Turanci ba tare da an fara masa ba? Ka kalli jadawalin darasi da ke manne a bango, awa nawa aka ba hadda awa nawa aka ba boko, kuma wane lokaci. Wasu suna tura lissafi da Turanci can bayan azahar lokacin da rana ta take yara sun ƙoshi sun gaji, kullum haka, to ka san me zai biyo baya.

Kafin ka fita ka leƙa bayi. Wallahi wannan ya fi ofishin shugaba gaya maka gaskiyar makaranta. Akwai ruwa, akwai butoci, na mata daban na maza daban, akwai mai raka ƙanana? Ina suke alwala, ina suke sallar azahar, ina suke cin abinci, akwai inuwa a filin wasa, ana ma barinsu su yi wasan? Ajin akwai tagogi da iska ke shiga, don zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano mai yara da yawa ba wasa ba ne. Sannan in da hali ka dawo lokacin tashi ka tsaya a bakin ƙofa ka ga yadda ake sallamar yara, duk wanda ya zo ya ce an aiko shi sai a ba shi yaro, ko akwai kati ko sunayen waɗanda aka yarda su ɗauka.

Maganar duka kuma ka yi ta a fili ba kunya. Ka ce Malam, in yaro bai kawo hadda ba me ake yi masa? Ka saurari amsar da kyau. Tsari da horo suna da kyau, shi ya sa ma muke kai su irin waɗannan makarantun, a koya musu zuwa a kan lokaci, gaida na gaba, zama da natsuwa, amma ɗan shekara shida da ake zane wa jiki da bulala saboda aya ta kufce masa zai haɗa Alƙur'ani da tsoro a zuciyarsa, kuma cire wannan yana da wuya. Ni dai ban yarda a ce ai mu ma haka aka yi mana ba. Ka kalli fuskokin yaran lokacin da malam ya ɗaga hannu zai gyara hula, in ka ga suna ƙanƙancewa to ka samu amsarka.

Mataki na gaba shi ne tabbatar da rajistar makarantar, kuma mutane sun fi sakaci a nan. Makaranta mai zaman kanta dole ta samu amincewar gwamnatin jiha. A Kano akwai hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, akwai kuma hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, sauran jihohi ma'aikatar ilimi ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, za ka tuntuɓa. Ka ce a nuna maka takardar amincewa, yawanci ma tana rataye a ofis. Ka tambaya manhajar gwamnati ta NERDC suke bi a ɓangaren boko ko tasu suka tsara. Sannan tambaya mafi muhimmanci, 'yan aji shida na bara ina suka tafi, a ina suka rubuta jarrabawar shiga sakandare? NECO ce ke shirya ta shiga makarantun gwamnatin tarayya, jihohi kuma suna da tasu. In kana hango wa yaro layin Larabci da addini har gaba, akwai hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar kammala sakandare ta ɓangaren Larabci da addinin Musulunci, sai ka ji ko makarantar tana da sakandare mai bin wannan layin ko tana da inda take tura ɗalibanta. Abin da ake gudu shi ne yaro ya shekara shida a wuri, ranar fita a ce babu takardar da wata makaranta za ta karɓa.

In hankalinka ya kwanta sai haɗa takardu. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so, ba katin asibiti kawai ba, ana yinta a cibiyoyin rajista da ke sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitoci da dama. Katin rigakafi, hotunan fasfo, ka yi da ɗan yawa don za a yi ta nema. In daga wata makaranta zai dawo, takardar canji da sakamakon zangon ƙarshe. Lambar NIN ma ana yi wa yara a ofishin NIMC da lambar uwa ko uba, in ka samu dama ka yi tun yanzu. Abin da zan ja kunne a kai shi ne suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. In Muhammad ne a takardar haihuwa kar a rubuta Mohammed a fom, in sunan yanka A'isha ne kar a sa sunan gida da ake kiranta da shi, kuma a tsayar da wanne ne sunan uba wanne ne na kaka. Wannan ƙaramin abin shi ke sa mutane zaryar kotu neman takardar rantsuwa lokacin WAEC da JAMB, tunda yanzu JAMB ba ta rajista sai da NIN.

Wajen cike fom akwai gurbin lafiya, kar a bar shi fayau kuma kar a ɓoye komai. In yaro sikila ne, ko yana da asma, ko farfaɗiya, ko akwai abincin da ba ya ci, a rubuta kuma a faɗa wa malamin ajinsa baki da baki, a ce ga abin da za a yi in ciwon ya tashi, ga lambar da za a kira. Yaro mai sikila yana buƙatar shan ruwa akai-akai da zuwa bayi, in malam bai sani ba zai ɗauka wasa ne yake. In kina lura yana matso da littafi kusa da ido ko sai an kira shi sau uku yake juyowa, a kai shi a duba ido da kunne kafin a fara, hadda da ji da gani take tafiya. Lambar waya a sa biyu ko uku, waɗanda ake ɗauka.

Yawancinsu suna yin 'yar intabiyu don su san ajin da za su sa shi. Za a ce ya faɗi sunansa, ya karanta abin da ya iya, a nuna masa haruffan Larabci da na boko da lambobi. Kar a kwana ana yi masa dole ya haddace abin da bai iya ba don ya burge, kuma in kin raka shi kar ki rinƙa raɗa masa amsa, so ake a ga matsayinsa na gaskiya. In suka ce a ɓangaren boko ya isa aji biyu amma a Alƙur'ani sai ya koma haruffa, ka tambaya ko suna raba halƙa da aji, makarantu masu tsari suna yin haka, yaro yana aji biyu da rana amma da safe yana halƙar da ta dace da karatunsa.

Kuɗi kuma ka ce a rubuta maka komai na shekara guda a takarda, ba na zangon farko kawai ba. Kuɗin fom, kuɗin rajista na sabon ɗalibi, kuɗin zango, yunifom kala nawa ne, hijabi, kayan wasanni, littattafai a wajensu ake saya dole ko za ka iya zuwa kasuwa, kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, mota, abinci, har da na walima in an kai izu kaza. Ka tambaya ana iya biya kashi-kashi, ana yin ragi in 'ya'yanka biyu ko uku ne, kuma in an makara da biya korar yaro ake yi gida ko kiran uba ake yi. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit ka adana. Kuma ka auna aljihunka da gaskiya a kan shekara shida ba zango ɗaya ba, yawan cire yaro daga wannan makaranta zuwa waccan saboda kuɗi yana wargaza hadda sosai, gara matsakaiciya wadda za ka iya riƙewa har ƙarshe.

Kwana ko jeka-ka-dawo? Ga ɗan shekara shida ko bakwai ni jeka-ka-dawo nake ba da shawara, ya dawo ya kwana a gaban uwarsa, a ga jikinsa, a ji labarin ranarsa. Makarantar kwana ta jira ya ƙara girma ya iya wanka da wanki da faɗin abin da ke damunsa.

Saura mako biyu a fara sai a gyara barci. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, to in za a tashe shi ƙarfe biyar da rabi ko shida sai ya zama ya kwanta ba da daɗewa ba bayan isha'i, a kashe talabijin a karɓe waya. A kai shi ya ga makarantar kafin ranar, a nuna masa ajinsa da bayi, ya gaida malaminsa. Kar a rinƙa yi masa barazana da makaranta, irin bari dai a kai ka wajen malam ya yi maganinka, wannan kalmar tana ɓata wata guda na aikin malami. A rubuta sunansa a jaka, kwanon abinci, gorar ruwa, takalmi da cikin hijabi ko hula. Mus'hafi a saya masa nasa irin wanda makarantar ke amfani da shi, kuma kar a rinƙa canza masa bugu, domin yaro da hoton shafi yake haddacewa, ya san ayar nan tana sama ta dama, in aka canza sai ya ruɗe. Ga masu farawa ɗan juzu'in Amma ya isa, ba sai an ɗora masa babba a jaka ba.

Ranar farko a karya da abu mai riƙe ciki, a je da wuri, ki miƙa shi hannun malama, ki ce masa Umma za ta dawo in an tashi, ki juya ki tafi. Zai yi kuka wataƙila, ki daure, laɓewa a taga yana ƙara tsawaita kukan ne. Amma ki cika alƙawari, a zo ɗaukarsa a kan lokaci, kar ya zama shi ne na ƙarshe a bakin ƙofa da maigadi a makon farko.

Daga nan aikin gida ya fara, kuma duk tsadar makaranta ba za ta ɗauke muku shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta ma'abocin Alƙur'ani da mai raƙuma ɗaurarru, in ya kula da su ya riƙe su, in ya sake su sai su tafi. A tsayar da lokaci ɗaya kullum, da yawa sun fi jin daɗin tsakanin magariba da isha'i, minti ashirin zuwa talatin ya isa ga ƙarami, ya biya ƙarin yau sau da yawa sannan a ɗauko sura biyu uku daga baya, da asuba kuma kafin a fita ya sake biya ƙarin sau ɗaya ko biyu. In uwa ko uba ba su da ƙarfin karatu ba abin kunya ba ne, a riƙe mus'hafi ana bi da ido, ko a kunna masa karatun ƙari'i ɗaya a waya mai karantawa a hankali da ruwayar da ake yi a makaranta, ko a roƙi malam ya turo karatun ta WhatsApp. A duba littafin bibiya a sa hannu bayan an saurara, ba a sa hannu a mota da safe ba. Aikin gida na boko ma a ba shi nasa lokacin, ko da minti goma sha biyar ne na karanta ɗan labari da ƙirga. Kuma dan Allah kar a ƙara masa wata Islamiyyar dare da lesin a kan wannan, yaron da ya wuni a makaranta yana da haƙƙin ya yi wasa da 'yan'uwansa.

In zangon farko ya ƙare kar ka tsaya a kan na nawa ya zo. Ka zaunar da shi ka ɗauko sura daga farkon abin da ya haddace ka ja masa baki ka ji ko zai ɗora, ka nuna masa haruffa a warwatse, ka ba shi ɗan lissafi. Ka je ranar karɓar sakamako da kanka, iyaye maza musamman, kar a bar wa mata komai, ka zauna da malamin halƙa da na aji ka ce Malam ina ne rauninsa, me za mu yi a gida. In ka ga ƙari na gudu baya na zubewa ka roƙi a dakatar da ƙari na mako biyu a yi gyara, malamin da ya san aikinsa zai ji daɗin wannan maganar. In kuma yaron da ke da fara'a ya koma shiru, kullum da safe ciwon ciki, ko ya dawo fitsarin kwance bayan ya daina, ko ka ga tabo a jikinsa, kar ka jira ƙarshen shekara, washegari ka je ka ji ba'asi cikin mutunci, ka fara da malamin sannan shugaba. In an gyara shi ke nan. In ba a gyara ba kuma dole sai an canza, matuƙar ba cutarwa ake yi masa ba ka bari a kai ƙarshen zango, ka biya abin da ake binka, ka karɓi takardar canji da sakamakonsa da littafin bibiyar haddarsa, don sabuwar makarantar ta san daga wace sura za ta ɗora masa.